Faifai ko Saukewa ta Intanet: Lissafin da Ya Kamata Mai Sayen Gem a Katsina Ya Yi

A watan Nuwamban 2020 kamfanin Sony ya fitar da PlayStation 5 iri biyu, mai cin faifai a kan dala 499 da marar cin faifai a kan dala 399, kuma a cikin watan ne Microsoft ya fitar da Xbox Series X mai cin faifai tare da ƙanwarta Series S wadda ba ta da wurin saka shi ko kaɗan. Tun daga lokacin, duk wanda ya tara kuɗinsa zai sayi sabuwar na'urar gem, ko a nan Katsina ko ya yi saƙo daga Kano ko Legas, sai ya yanke shawarar da 'yan zamanin PlayStation 2 ba su san da ita ba: ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai faifai, ko ya ɗauki mai rahusa ya amince cewa duk wasan da zai buga daga shagon kamfani na intanet zai riƙa sauke shi. Rarar, wadda dala ɗari ce a 2020, ba ƙaramin kuɗi ba ce idan aka juya ta zuwa naira, shi ya sa matasa da yawa suke karkata ga marar faifai. A ganina, ga mafi yawan mutanen da ke zaune a wannan jiha, rarar nan bashi ce da za a biya daga baya, ko da yake akwai waɗanda saukewa ta fi dacewa da su, kuma shi kansa faifan ba shi da ƙarfin da yake da shi shekaru goma da suka wuce.

Bambanci na farko yana cikin abin da mutum yake samu idan ya biya. Wanda ya sayi faifai ya mallaki wani abu da zai iya riƙewa, ya ara wa maƙwabci, ya bayar kyauta, ya musanya, ko ya sayar ranar da ya ƙare wasan ko ranar da aljihu ya yi zafi. Wanda ya saya ta PlayStation Store ko Steam (shagon intanet na wasannin kwamfuta) ko shagon Xbox kuwa, abin da aka ba shi izini ne na buga wasan, izinin kuma an ɗaure shi da asusunsa, sannan sharuɗɗan da ya danna ya amince da su sun hana shi miƙa izinin ko asusun ga wani. Ba ɓoyayyen abu ba ne, amma mutane ƙalilan ne suke karanta sharuɗɗan, har sai da jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 wadda ta tilasta wa shagunan intanet su bayyana wa mai saye ƙarara cewa lasisi yake karɓa, kuma a cikin shekarar Steam ya fara rubuta hakan a shafin biyan kuɗi. Ga al'ummar da ta san muhimmancin gado, akwai wani abin lura: jakar faya-fayai tana shiga cikin dukiyar da ake rabawa, amma tarin wasannin da ke cikin asusun Steam, ko da kuɗinsu ya kai na babur, ƙa'idar kamfanin ba ta yarda a mayar da shi ga magada ba. Mafi kusa da shi a rayuwarmu shi ne wanda ya biya kuɗin hayar rumfa na shekaru masu yawa a dunƙule: yana zaune a ciki kamar tasa, amma ba zai iya sayar da ita ba.

Kamfanonin wasa sun daɗe ba sa son kasuwar faifan hannu, saboda idan faifai ɗaya ya bi ta hannun mutum biyar, sau ɗaya kawai kuɗi ya shiga aljihunsu. A 2010 kamfanin EA ya fito da wata lamba da ake sakawa a cikin sabon faifai wadda take aiki sau ɗaya, ta yadda wanda ya sayi na hannu sai ya biya dala 10 kafin ya buga ta intanet. An yi ta ƙorafi har aka janye tsarin a 2013. A shekarar ce kuma Microsoft ya sanar da cewa Xbox One za ta riƙa neman intanet sau ɗaya a kowace awa 24, kuma za a taƙaita yadda ake sayar da faifai ko ara shi. Masu wasa suka yi caa, Sony ya yi amfani da damar ya tallata PS4 da cewa ara wa aboki wasa bai wuce miƙa masa faifai a hannu ba, kuma kafin watan Yunin 2013 ya ƙare Microsoft ya janye. Abin da tilas ta kasa yi, sauƙi ya yi shi a hankali: a 'yan shekarun nan rahotannin Sony suna nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na cikakkun wasannin da ake sayarwa a PlayStation ta hanyar saukewa ne, PS5 Pro da ta fito a Nuwamban 2024 a kan kusan dala 700 ta zo ba tare da wurin faifai ba, kuma a farkon 2024 shagunan sayar da gem na kamfanin GAME a Ingila suka daina karɓar faifan hannu.

Kotuna ma ba su buɗe ƙofar ba. A 2012 babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar UsedSoft da Oracle cewa ana iya sake sayar da lasisin manhajar kwamfuta da aka sauke, mutane suka ɗauka wasanni ma za su bi sahu. A Faransa ƙungiyar kare masu saye ta UFC-Que Choisir ta kai Valve, mai Steam, ƙara, ta yi nasara a kotun farko a 2019, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2022, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da sokewar a 2024. Idan masu saye a Turai, da duk ƙarfin dokokinsu, ba su samu haƙƙin sayar da wasan da suka sauke ba, bai kamata ɗan Ƙofar Marusa ya sayi na'ura yana sa ran hakan zai canza nan kusa ba.

A nan ne lissafin kuɗi yake shigowa, kuma shi ne ya fi komai nauyi a wurinmu. Tun 2020 farashin manyan sababbin wasanni ya koma dala 70. Bayan an saki naira kasuwa ta riƙa yanke farashinta a watan Yunin 2023, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, wato wasa ɗaya sabo fil ya wuce naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a shekarar naira 70,000 ne. Wanda ya sauke wasan ya kashe kuɗin gaba ɗaya, ko ya ji daɗinsa ko bai ji ba. Wanda ya sayi faifai kuwa, ainihin abin da ya kashe shi ne tazarar da ke tsakanin farashin da ya saya da farashin da ya sayar. A ce ya saya a dubu ɗari, ya ƙare labarin wasan cikin wata guda, ya sayar a dubu saba'in: dubu talatin ke nan kuɗin nishaɗinsa. Idan ya yi haka da wasanni huɗu ko biyar, ya riga ya mayar da ƙarin kuɗin da ya biya wajen sayen na'ura mai cin faifai.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon masu gem ya ga yadda cinikin yake tafiya. Yaro zai zo da faifai a cikin kwalinsa, mai shago ya zare shi da yatsu biyu ta gefe, ya karkata shi wajen hasken ƙofa yana neman kwarzane, ya duba zoben tsakiya ko ya tsage, ya hura ƙura ya goge da gefen rigarsa, sannan ya saka a na'ura ya jira hoton wasan ya bayyana. Daga nan sai ya ce, "To maigida, sayarwa za ka yi ko canji?" Idan canji ne, sai a ɗauko wani wasan a yi maganar ciko, a ja a sassauta har a daidaita. Ta wannan hanya ɗalibi da faifai biyu kacal zai iya zagaya wasanni da dama a shekara, kowane karo da ɗan ciko. Mai na'ura marar faifai ba shi da shiga wannan kasuwa, kuma tun watan Afrilun 2019 Sony ya daina ba 'yan kasuwa lambobin sauke cikakkun wasanni su sayar, saboda haka shago ɗaya tak ya rage masa, farashin da aka rubuta kuma babu tayi a kansa. Ƙari a kan haka, PS5 mai cin faifai tana karɓar mafi yawan faya-fayan PS4, waɗanda su ne suka fi yawa kuma suka fi araha a hannun mutane. Wanda yake da tarinsu ya sayi marar faifai ya mayar da su kayan ado.

Saukewa ma tana da nata ƙarfin, kuma rashin adalci ne a ƙi faɗa. Shagunan intanet suna yin ragi mai zurfi sau da yawa a shekara, ta yadda wasan da ya shekara biyu ko uku zai iya faɗuwa zuwa rabin kuɗinsa ko ƙasa da haka, wani lokaci ya fi faifan hannu araha, musamman wasannin da ba su cika zuwa Arewa ba. Ba a jiran direban motar Kano ya kawo saƙo, ba a fargabar faifai ya ɓata a hannun wanda aka ara wa, kuma ƙurar hunturu ba ta da abin da za ta lalata. Akwai ƙananan wasanni masu kyau da ba a taɓa buga su a faifai ba, har ma da manya kamar Alan Wake 2 da ya fito a 2023 ta saukewa kaɗai kafin daga baya a yi masa faifai. Sannan PlayStation tana ba mutum damar ware na'ura ɗaya a matsayin ta gida, duk wanda ya hau ta ya buga wasannin asusun, shi kuma mai asusun ya buga a wata na'urar idan yana kan intanet, abin da faifai ɗaya ba zai iya yi wa wa da ƙane a gida biyu ba. Wajen mayar da kuɗi kuwa akwai bambanci tsakanin shagunan: Steam yana mayarwa cikin kwana 14 matuƙar ba a buga wasan ya kai awa biyu ba, amma a PlayStation da zarar an fara saukewa, galibi magana ta ƙare.

Sai dai duk wannan sauƙi an gina shi ne a kan intanet mai ƙarfi da wuta mai ɗorewa. Manyan wasannin yau suna kai gigabait 50 zuwa 100, wasu sun fi haka. Idan layin mutum yana ba shi megabit 10 a daƙiƙa ba tare da yankewa ba, sauke gigabait 100 zai ɗauki kusan awa 22, kuma dole na'urar ta kasance a kunne, wanda a unguwanni da yawa yana nufin janareta ko batirin sola. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin 100, saboda haka kuɗin data ya zama wani ɓangare na farashin kowane wasa. Ma'ajiyar PS5 ta farko gigabait 825 ce a rubuce, abin da mutum zai iya amfani da shi bai kai 700 ba. Idan ta cika aka goge wasa, mai faifai zai sake ɗora shi daga faifan cikin ƙasa da awa ɗaya ko makamancin haka, mai saukewa kuwa sai ya sake sayen data, sai dai idan yana da ma'ajiyar waje da yake kwashewa a ciki. Mutanen wannan jiha kuma sun san abin da ake nufi da rasa layi gaba ɗaya: a watan Satumban 2021 an rufe hanyoyin sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, aka shafe watanni kafin a buɗe. Matsalar kan zo daga ɓangaren kamfanin ma, kamar yadda hanyar sadarwar PlayStation ta tsaya na kusan yini guda a Fabrairun 2025.

Akwai wata matsala da masu sharhi na ƙasashen waje ba sa kawowa domin ba ta shafe su ba. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, don haka mutanenmu suna buɗewa da adireshin Amurka ko Ingila ko Afirka ta Kudu, kuma ƙasar da aka zaɓa ba ta canzuwa daga baya. Biyan kuɗi ma sai an yi dabara, domin bankuna da yawa sun dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje tun wajen 2022, sai a 2025 wasu suka dawo da shi da iyaka. Mafi yawan mutane katin cike asusu suke saya daga dillalai, da ribar dillali a sama. Ma'anar wannan ita ce dukiyar mutum tana zaune a asusun da aka buɗe da bayanan da ba nasa na gaskiya ba, kuma idan aka sace asusun ko aka rufe shi, kare haƙƙinsa zai yi wuya. Rufe asusu kuwa yana tafiya da duk wasannin da aka saya a cikinsa. Wanda yake da faifai goma aka rufe masa asusu, sabo zai buɗe ya ci gaba.

Daga wannan rami ne sana'ar sayar da gurbin asusu ta fito. Za ka ga talla a WhatsApp cewa sabon wasan ƙwallo yana nan a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa. Idan ka biya, sai a turo maka adireshin imel da kalmar sirri, a gargaɗe ka kada ka canza komai, ka shiga ka sauke ka koma asusunka. Asusu ɗaya ake raba wa mutane da dama. Yana iya yin aiki watanni, sai wata rana a ga hoton kwaɗon kulle a kan wasan, saboda mai asusun ya cire na'urarka ya saka ta wani, ko kamfani ya gano ya rufe. Ba wurin kai ƙara, domin cinikin tun asali ya saɓa wa sharuɗɗan kamfanin. Ba na lissafa wannan a cikin arahar saukewa, kamar yadda ba na lissafa na'urorin da aka fasa aka loda musu wasanni, waɗanda ba sa iya shiga intanet lafiya kuma haƙƙin masu wasan yana kansu.

Kada kuma mai faifai ya ɗauka ya tsira gaba ɗaya. Yawancin wasanni suna neman sabuntawa mai nauyi a ranar farko, wasu faya-fayan ma kusan fanko ne: na Call of Duty: Modern Warfare II da ya fito a 2022 abin da ke cikinsa bai kai megabait 100 ba, sauran duk sai an sauke. Nintendo Switch 2 da ta fito a Yunin 2025 ta zo da wani nau'in kati wanda mabuɗi ne kawai, wasan ba ya ciki. Ana iya sayar da shi ko ara shi, amma duk wanda ya karɓa sai ya sauke wasan da kansa. Misali mafi muni shi ne The Crew na kamfanin Ubisoft, wasan tseren mota da ba ya tashi sai da intanet: da aka kashe kwamfutocin da ke ɗauke da shi a ƙarshen Maris 2024, mai faifai da mai saukewa duk suka tashi a tutar babu, lamarin da ya haifar da gangamin Stop Killing Games na neman a hana kamfanoni kashe wasannin da aka saya, wanda ya tara sa hannu sama da miliyan ɗaya a Turai a 2025. Saboda haka kafin a biya kuɗin faifai, a juya bayan kwalin a duba ko an rubuta cewa ana buƙatar intanet ko saukewa. Shagunan intanet ɗin su ma suna da wa'adi, Nintendo ya rufe na 3DS da Wii U a Maris 2023, Microsoft ya rufe na Xbox 360 a Yulin 2024, ko da yake a duka biyun an bar wa mutane damar sake sauke abin da suka riga suka saya.

Tsarin biyan kuɗin wata, irin PlayStation Plus da Game Pass, haya ce a fili kuma bai ɓoye hakan ba: ranar da aka daina biya, wasannin sun rufe. Yana da amfani ga mai intanet marar iyaka da yake son ɗanɗana wasanni da yawa, ga mai ƙirga gigabait kuwa tarko ne.

Idan aka zo zaɓi, ya danganta da irin mai wasan. Wanda yake buga wasannin labari, waɗanda ake ƙarewa a ajiye, faifai ya fi masa nesa ba kusa ba, kuma zai fi cin riba idan ya sayar da wuri kafin farashi ya sauka. Uban da yake saya wa 'ya'yansa ma mai faifai ta fi masa, domin yana ganin abin da ya shigo gidan da idonsa, kuma ba sai ya bar kuɗi a asusu a hannun yara ba. Mai gidan gem da kwastomominsa ba su san komai ba sai ƙwallo lissafinsa dabam ne: wasan EA Sports FC, wanda ya gaji FIFA tun 2023, sabo yake fitowa kowace kaka, na bara kuma darajarsa takan zube da zarar sabon ya iso, ga shi faifan da ke shiga yana fita a hannun yara daga safe zuwa dare bai cika daɗewa ba, don haka saukewa tana iya fi masa sauƙi, matuƙar asusun nasa ne shi kaɗai kuma ya ɗaure shi da tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman wata lambar sirri ta biyu bayan kalmar sirri. Mai buga eFootball ko Fortnite ko Warzone kaɗai, waɗanda kyauta ake sauke su, ba shi da abin yi da faifai, ya ɗauki mai rahusar ya sa rarar a data. Mai wasa a kwamfuta kuwa zaɓin ya daɗe da kuɓuce masa, abin da ya rage masa shi ne ya jira ragin Steam, ko ya duba shagon GOG wanda yake ba da wasanni ba tare da makulli ba, a sauke a ajiye a ma'ajiyar waje.

Wanda kuɗinsa bai kai ba a yanzu yana da hanya ta tsakiya. PS5 siririya da ta fito a ƙarshen 2023 da kuma PS5 Pro ana iya saya musu na'urar karanta faifai daban a maƙala, kuma kuɗinta a Amurka kusan dala 80 ne, sai dai tana buƙatar intanet sau ɗaya ranar da aka haɗa ta, kuma ba ta shiga PS5 marar faifai ta 2020 mai kauri, wadda ita ce ake yawan kawowa ta hannu da farashi mai jan hankali. Xbox Series S ba ta da irin wannan gyara ko kaɗan. Sannan wanda zai riƙa sayen faifai ya lura da yankin da aka buga shi: faifan PS4 da PS5 na kowace ƙasa yana tashi a kowace na'ura, amma ƙarin abubuwan da ake saya wa wasa ta intanet galibi sai yankinsu ya dace da na faifan, saboda haka mai asusun Amurka da ya sayi faifan Turai, wanda ake gane shi da tambarin ƙayyade shekaru na PEGI a gaban kwali maimakon na ESRB na Amurka, yana iya biyan kuɗin ƙarin da ba zai buɗe masa ba.